Kwalin da Darlene Ta Sa wa Hannu

Shekara goma sha tara Darlene Pruitt ta yi tana shirya kwalayen giya a gonar inabin mijin yayarta, Wendell, nan kwarinmu na Walla Walla. Ita ke liƙa adireshi, ita ke sa hannu. Mace ce mai tsoron hukuma, ko tarar mota ba a taɓa cin ta ba.

Wata Talata da hantsi Wendell ya shigo sito riƙe da takarda. Wata jiha a gabas ta sauya doka. Tun ɗaya ga wata, duk wanda ya aika giya gidan mutum ba tare da sabon lasisi ba ya yi babban laifi, har da ɗauri.

"Dar, mun aika musu wani abu a watan nan?"

Ta duba littafin aike. Ranar Juma'a ta tura wa Orville Haskins kwalba shida, wani tsoho a can jihar da ke saye a wurinsu kowace kaka.

Ta kira kamfanin kai kaya, aka ce mota ta riga ta shiga jihar. Lauyansu ya ce dabara ɗaya ta rage, kada mai kayan ya karɓa. Sau huɗu tana kira kafin tsohon ya ɗauka.

"Mista Haskins, don Allah idan direba ya zo, ka ce ba ka so."

"Ni da kayana? Yarinya, ko kin fara ɗanɗana hajar ne?"

"Sunana ne a kan kwalin. Ɗaure ni za a yi."



"Shekarata tamanin da ɗaya, yau gwamnati ke tsare ni daga kwalba," in ji shi. "To, na ji."

Kwana tara kwalin ya yi kafin ya dawo. A kwanakin ba ta iya cin abinci ba, ko ƙarar mota ta ji a tsakuwar ƙofa sai ta leƙa ta taga.

Ba wanda ya zo. Wendell ya duba sharuɗɗan lasisin ya haƙura da jihar, suka rasa gida arba'in da ke saye a wurinsu. Darlene tana nan a siton, amma yanzu kowace safiya sai ta bi dokokin jihohi ɗaya bayan ɗaya kafin ta taɓa kwali. An yi mata tayin shugabancin sashen aika kaya, ta ƙi.