Hirar Lawali da Surukinsa

Har yau ban manta da wata Alhamis a Shinkafi ba, lokacin ina wakilin gidan rediyo mai kula da Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ba, jam'iyyu kuma na shirin zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa. Muna da shirin siyasa na mako-mako. Nakan ɗauki muryoyi a kaset, in ba direban Gusau, edita ya tace, a watsa ran Asabar. Abin da ya fita ya fita, gyara sai wani makon.

A wannan zaɓe daliget ne ke jefa ƙuri'a, wato wakilan da ake ɗiba daga ƙananan hukumomi zuwa Abuja. Jam'iyya ɗaya ta rabu gida biyu a yankina. Alhaji Bawa, dillalin hatsi a Shinkafi, yana bayan ɗan takara guda. Lawali, daliget daga Zurmi, mai baki kamar reza, yana bayan ɗayan. Edita ya ce in haɗa su muhawara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai Lawali 'yar Alhaji Bawa yake aure."

Ya ce, "Shi ya sa za ta yi armashi."

Na haɗa su a rumfar Alhaji. Lawali ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma. Alhaji ya wanke ɗan takararsa tas, ya yi wa na Lawali kaca-kaca. Na miƙa wa Lawali makirfo. Kansa a ƙasa ya ce, "Haka na, Baba." Na sake tambaya ta wata hanya. "Baba ya gama magana." Mutumin da ke tashin taro da baki ke nan.

Na aika kaset tare da bayanin cewa kunyar suruki ce kawai. Ran Asabar sai na ji an buɗe shiri da cewa daliget na Zurmi ya sauya sheƙa. Raina ya ɓaci, amma babu yadda zan yi. Kafin Litinin mutanen Lawali sun cire shi daga masu tafiya Abuja, ga motoci za su tashi Laraba, shirinmu kuwa sai Asabar.

Ran Talata Alhaji Bawa ya aiko in raka shi Zurmi, gidan shugaban ɓangaren su Lawali. Magoya baya cike da ƙofar gida, suna hararmu. Ko zama Alhaji bai yi ba ya ce, "Na zaka in ba da shaida. Wanga yaro bai bi ni ba. Ɗiyata ta hwaɗa min ko cikin gida zagin ɗan takarata shikai. Ladabi yay yi min, kuma ba ni yarda a hore shi don ya yi ladabi."

Aka mayar da Lawali cikin masu tafiya. A Abuja ya jefa ƙuri'arsa inda ya yi niyya, ɗan takarar Alhaji kuma ya faɗi. Da suka dawo, a gabana ya durƙusa yana yi wa surukinsa jaje.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, rikoda murya kawai take ɗauka. Kafin ku kai wa edita maganar mutum, ku gaya masa a gaban wa aka yi ta.