Ruwan Alwalar Baba da 'Yar Tsamiyar Kasko

Ina yi wa masu karanta wannan mujalla sallama. Wani zai ce a kan bishiyar da ba ta kai gwiwa ba ake wannan dogon zance, amma ni abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na rubuto.

A lokacin ni ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato, ina zaune a unguwar Minanata da matata da yara. Ina da wani hali da har yau ban gama rabuwa da shi ba: in na ga abu ya lalace sai in gyara nan take, ba na tsayawa jin ta bakin kowa. A shekarar ce mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko shi daga garinmu Dundaye zuwa gidana don ya fi kusa da asibiti. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gero da dawa ya wayi gari a ɗaki mai tayil da fanka. Bai taɓa kuka da mu ba, sai dai ya daina hira, abinci ma sai an yi ta lallashi. In ya buɗe baki, to tsamiyar ƙofar gidansa yake tambaya, ko ta yi 'ya'ya bana, ko su wa ke zama a inuwarta. Tsorona shi ne kada zaman ɗaki ya riga ciwon gamawa da shi.

Ni kuwa na kamu da kallon wani abu a waya da ake kira bonsai, wato renon babbar bishiya a ɗan kasko, ana rage mata saiwa da rassa har ta tsufa tana 'yar ƙarama. Wata rana na tsaya wurin masu sayar da dashe a bakin titi, na hango wata 'yar tsamiya an yar da ita gefe, ledarta ta yage, saiwarta ta nannaɗe, rabin ganyen ya zube. Da na kawo ta gida matata ta tambaye ni ko yanzu ɗaiɗai ake sayar da itacen girki. Na bar tsamiyar a inuwa ta huta, ban taɓa ta da almakashi ba sai da damina ta sauka ta fara toho. Sannan na rage saiwar, na dasa ta a kasko mai huji, na ajiye ta a ƙofar ɗakin Baba.

Ranar ya fito da kansa, yana jan ƙafa. Ya daɗe yana kallonta, ya sa aka kawo masa kujera. Daga nan can ya koma yin alwala, kamar yadda ya saba yi a gindin tsamiyarsa ta gida, don mu ba mu saba barin ruwan alwala ya bi rariya ba in akwai shuka kusa. Matata ta bi sahu, yara suka bi, har baƙin da ke zuwa duba shi sai ya nuna musu inda za su tsuguna. Ni ina gani ina murna, don Baba ya fara cin tuwo har da neman ƙari.

Bayan wani lokaci ganyen ya soma yin rawaya yana zuba. Na ce zafin Sakkwato ne, na ƙara mata ruwa. Sai da ƙasar ta fara wari na zare ta daga kaskon, na tarar saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Bishiyar da ke ƙasa tana shan abin da take so, sauran ya nitse. Ita wannan kuwa gida guda ke shayar da ita kowace salla, ba ta samun bushewa. Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na barbaɗa masa garin gawayi, na sake mata ƙasa mai yashi da tsakuwa, na kai ta bayan gida, na gargaɗi matata da yara kada kowa ya zuba mata ko ɗigo. Baba yana barcin rana, ban gaya masa ba. A ganina tausayinsa nake yi, kada ya ji ruwansa ne ya kusa kashe ta.

Da la'asar ya fito da buta, ya tarar da shaidar gindin kasko kawai a kan siminti. Ya yi alwalarsa a bakin rariya ya koma ɗaki. Daga ranar ya daina fitowa, tuwon ma ya koma dawowa yadda aka kai shi. Ni da gaggawata har na fara shirin mayar da shi asibiti, sai matata ta ce in bar maganar mota tukuna, in shiga in zauna da shi. Na zauna, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Ita ma ɗauke ta kunka yi, ba shawara? Da ka hwaɗa mani. In ruwa na, ai sai in bari."

Nan take na gane inda kalmar "ita ma" ɗin nan ta dosa. Haka muka ɗauko shi daga Dundaye: ni da ƙannena muka gama magana a waya, muka je da mota, ba wanda ya tambaye shi. Na ji kunya ƙwarai, na roƙe shi gafara, na ɗauko kaskon na mayar wurinsa, na yi masa bayanin komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to daga yau shi ne mai bayar da izinin ruwa. Kowace safiya yakan tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ya kori duk wanda ya doso da buta, har ni. Da tsamiyar ta farfaɗo muka zo tanƙwara rassa, hannunsa bai iya murɗa wayar ƙarfen da na sayo ba, sai ya ɗaura ɗan dutse da zare a wani reshe don nauyin ya riƙa jansa ƙasa a hankali. Da ya ce yana son ganin babbar tsamiyar, wannan karon na saurara, na kai shi ya yini a inuwarta. Bai daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Na koyi cewa ruwa ma in ya yi yawa yana kashe shuka, amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ku da ke jinyar iyaye, ina roƙonku, ko kujera za ku gusar musu ku gaya musu dalili. Ciwo ya taɓa musu jiki ne kawai, hankalinsu na nan, kuma ɓoye musu abu da sunan tausayi yana yi musu zafi fiye da yadda muke zato.

Tsamiyar tana nan a ƙofar ɗakin. Reshen ya daɗe da zama yadda Baba ya so, ba ya bukatar nauyi kuma. Matata takan ce in cire dutsen, ni kuwa har yau ban iya kwance ƙullin da ya yi da hannu ɗaya ba.