Hantar da aka ware wa mai ciki a Zighan

Mun tashi da asuba daga unguwar Hajara a Sabha, ni da wata maƙwabciyata, za mu duba ƙanwata a ƙauyen Zighan. Ciki ne da ita, na fari, bayan shekaru ana jira ana addu'a. Direba ya tsuga mana kuɗi kamar Makka zai kai mu, ya ɗora laifin a kan layin mai. A shingen bincike na Tamanhint muka tsaya, har aka ɗaga mana hannu.

Gonar da mijinta ke aiki ta burge ni: dabino, albasa, ga kyanwoyi birjik a ɗakin abincin tumaki, sun fi mai gonar ƙiba. Sai dai tumakin suna ta ɓari. Duk wadda ta zubar, mai gonar yakan yanka ya ba ma'aikata. Mijin ƙanwata kuwa hanta yake ware mata, a ɗan nuna wa garwashi, da jini-jininta, don abin da kwaɗayinta ke so ke nan.

Muna cikin ci likitan dabbobi ya iso, wani dattijon Balarabe. Ya duba tumaki, ya leƙa ɗakin kyanwoyi, sai idonsa ya faɗa kan kwanonmu da cikin ƙanwata. Ya tsuguna yana bayani, mijin yana fassarawa. Yana zargin wata cuta, toksoplasma, wadda ke bin kashin kyanwa ta shiga dabba. Naman da bai dahu ba ko ganyen da ba a wanke ba sai su kai ta ga mutum. Uwa ba lalle ta ji komai ba, ɗan tayi ke shan wahala.

Mijin ya juyo. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ni fa na ba ta, da hannuna."

Wallahi ya ba ni tausayi.

Ƙanwata da mijin ba su da takardun zaman ƙasa, asibiti tsoro yake ba su. Likitan ya ce idan an gano da wuri akwai magani. A motarsa muka dawo Sabha da ƙanwata, cikin warin tumaki, ya tsaya a asibiti har aka ɗebi jininta.

Na shiga gida ina tunani: masu zaman gona irin su ba su da likitan da ke zuwa inda suke sai na dabbobi. Da ya duba tumakinsa ya wuce, babu mai zarginsa. Sakamako bai fito ba tukuna. Tana ɗakina, mijin yana ta kira, tambayarsa ɗaya: ya motsa yau?