Sukhdeo Mai Karanta Lakar Inji

Ranar auren Parmanand, a bayan tarakta ango ya tafi gidan amarya, zaune a kan tirelar ɗaukar rake, da hular ado a ka da ƙurar hanya a baki. Duk garin Labasa ya san wanda ya ja masa wannan: mijin yayarsa ne, Sukhdeo.

A lokacin Sukhdeo manomin rake ne mai ji da ƙarfi. Shi ya ɗauki nauyin gyara motar ango. Ya tuƙa ta da gudu zuwa mashigin kogi inda direbobin rake ke wanke manyan motocinsu, ya ɗaga murfin inji yana huci, ya yi ta sheƙa masa bokitin ruwa kamar mai kashe gobara. Inji ya yi fes. Da aka murza makulli kuma ya yi shiru, irin shirun da ba a tashi daga shi da rana ɗaya.

Ya dawo gida a ƙasa, ya tarar da dangi cikin kwalliya suna jira. Ya ce kambun baka ne, akwai masu baƙin ciki da auren nan.

Sai matarsa Banmati, wadda ubanta direba ne, ta fito. Ta tattare sarinta, dogon zanen nan na matanmu, ta sa aka turo motar, ta buɗe murfin da wayoyin filogi ke haɗuwa, ta tsiyaye abin da ke ciki a kofin shayi, ta miƙa masa a gaban kowa.

"Baban Reshmi, ga kambun bakan. Da sukari kake so ko haka nan?"

"Ke ba ki san inji ba. Wannan zufa ce."

"To ai kai ma kana zufa. Tsaya can kusa da ita, ku bushe tare."

Bai sake magana ba ranar. Masu lissafi sun ce wannan ne shirunsa mafi tsawo tun da ya koyi magana.

Kunya tana gyara wasu, tana lalata wasu. Shi Sukhdeo sai ta mayar da shi malami. Da wa'adin hayar gonarsa ya ƙare, masu ƙasa suka karɓi abinsu kamar yadda aka yi wa rabin mutanenmu, ya rasa inda zai sa kansa. Parmanand, wanda a lokacin ya fara sayar da motoci na hannu yana kuma ajiye tumbi, ya ba shi wata kusurwa a bayan filinsa, gindin mangwaro. Ba don ƙauna ba, don yayarsa ta yi masa kuka ne. Nan Sukhdeo ya kafa rumfar kwano, ya zama mai wankin inji. Ban da wannan rumfa ba shi da komai a duniya sai Banmati da agwaginta, su ma agwagin ba sa jin maganarsa.

Wanda ya taɓa kashe mota da bokiti yanzu ba ya taɓa inji sai ya huce. Ka zo da gaggawarka, ya ɗora bayan hannu a kan ƙarfe, ya girgiza kai, ya nuna maka benci da kwanon kava, jiƙon nan namu mai kalar ruwan kwata da maza ke sha su ce taro suke yi. Sai inji ya yi sanyi kamar tulu zai tashi. Ya cire kan batir. Ya ɗauko ledojin burodi da ya tara, ya ɗaure caja, ya ɗaure akwatin fis, ya toshe bakin da inji ke shan iska, kowanne da ɗan kyauronsa, har motar ta koma kamar mata sun sa hular wanka. Ya share ganyen rake da sheƙar ɓera da busasshen burushi tukuna. Sannan ya shafa sabulun cire maiƙo, ya bi lungu-lungu da tsofaffin burusan haƙori, waɗanda maƙwabta ba sa sanin sun tsufa sai sun neme su sun rasa. Tiyo mai ƙarfi kuwa haram ne a rumfarsa. Da butar shayi yake ɗauraya, a hankali, kamar ungozoma da jariri, ya goge da tsumma, ya bar murfin a buɗe rana ta ƙarasa.

A ƙarƙashin kowace mota yana tura wani faffaɗan faranti, don kada ruwan maiƙo ya gangara kwatar agwagin Banmati. Sau ɗaya hakan ta faru, ya kwana biyu yana cin rogo ba miya. In ya gama, sai ya janyo farantin ya ajiye a gaban motar, mai ita ya ga abin da aka fitar masa.

To a farantin nan ne masifar take. Sukhdeo ya gano cewa mutum zai wanke jikin motarsa, ya wanke taya, ya wanke bakinsa da rantsuwa, amma lakar da ta maƙale a bayan inji ba ta san rufin asiri ba. Jar ƙasa ta kan tudu ce. Baƙar laka ta gonakin shinkafa ce. Farin yashi mai gishiri kuwa na hanyar bakin teku ne, inda babu komai sai kwakwa da wasu gidaje da ba a zuwa gaisuwa da iyali. Ya murza laka tsakanin yatsu, ya sansana, ya ɗaga murya yadda har mai sayar da gurasar roti a tsallaken titi za ta ji.

"Malam, ashe makarantarku ta koma bakin teku? Ba a sanar ba."

Ya kashe aure biyu da na sani, ya kusa kashe na uku, sai dai matar ta ce ita ma motar take so, ba mijin ba. Maza suka tsane shi. Amma in lokacin duba lafiyar motoci ya zo, ko in bikinmu na Diwali ya gabato kowa yana wanke duk abin da ya mallaka, a layi suke tsayawa, don duk tsibirin nan babu inda za a wanke maka inji ka murza makulli ya tashi nan take sai wurinsa. Mata kuwa suka riƙa kawo masa alawar madara, suna tambayar lafiyar Banmati, suna leƙen faranti.

Shekarar da kogi ya shigo gari har ya hau kantunan kasuwa, akwai wata farar mota a filin Parmanand da ruwa ya shanye har gilashi. Da ruwa ya janye, ya sa aka busar da kujeru, aka canja mai, aka fesa turare. Saura inji. Ya zo rumfa da kansa, abin da ba ya yi.

"Jija," ya ce, don haka muke kiran mijin yaya ko da ba ma ganin girmansa, "wata mata za ta zo daga garin Savusavu. Ba ta san komai ba. Ka wanke mini injin nan ya zama kamar yau aka sauke shi daga jirgi."

"Wankewa ai aikina ne, Sala," in ji Sukhdeo, don haka muke kiran ƙanin mata.

"Ba wankewar nake tsoro ba. Bakinka. In ka furta kalma ɗaya a kan ruwa, ko kogi, ko damina, ko da kifi ne a miya, ka kwashe kwanukanka daga filina. Na gaji da ciyar da rediyo."

Sukhdeo ya kalli rumfarsa, ya kalli mangwaron, ya yi alkawari. Kada ku ɗauka zuciyarsa ta dame shi saboda matar Savusavu. Bai san ta ba, kuma shi ba waliyyi ba ne. Abin da ya dame shi kawai, ga labari mafi daɗi a shekara ya shigo hannunsa, an ce ya haɗiye.

Ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya bi kowace waya, ya zaƙulo laka daga ramukan da ko masu ƙera motar sun manta da su. Ya ƙarar da burushin haƙori har da na Banmati. Da ya gama, injin yana ƙyalli kamar tiren biki.

Matar ta iso da hantsi. Sunanta Mereoni, tsohuwar nas ce, ƙatuwa, da fure a bayan kunne da jaka a hammata. Parmanand ya zagaya da ita yana zuba: motar wani likita ce, ba ta taɓa kwana a waje ba, ko ruwan sama sai da lema. Sukhdeo yana zaune a benci, ya cika bakinsa da kava ya ƙi haɗiyewa, don ya san in bakin ya zama fanko wani abu zai fito. Kumatunsa sun kumbura, idonsa ya yi ja.

Sai dai hannu yana da nasa hali. Tun kafin su iso, ba tare da ya yi tunani ba, ya janyo faranti ya ajiye a gaban motar kamar kullum.

Mereoni ta yaba inji. Ta sunkuya za ta duba taya, sai ta tsaya. Ta sa yatsa biyu cikin lakar farantin, ta ɗago wata 'yar ƙaguwa busasshiya, da ƙafafunta cif.

"Ɗan'uwa," ta ce da Sukhdeo, "wannan daga cikin motar ta fito?"

Sukhdeo ya kalli sama. Kava ta fara zubowa ta gefen bakinsa.

"Ba ya jin daɗi," in ji Parmanand. "Haƙori ne."

"Ni a bakin kogi aka haife ni," ta ce, tana juya ƙaguwar. "Irin wannan ba ta hawa tudu, balle ta je asibiti wurin likita." Ta ajiye ta a kan murfin motar a hankali, ta goge yatsunta da hankici. "Mota nake nema, ɗana. In kwale-kwale nake so, akwai a gida."

Ta tafi tashar bas abinta.

Parmanand ya jira ta ɓace, sannan ya juyo. Ya fara daga tarakta ranar aurensa, ya bi ta kan filin da ya bayar kyauta, ya sauka a kan iyayen Sukhdeo. Direbobin da ke jiran layi suka gyara zama. Banmati ta fito daga wajen agwagi. Kusum, matar Parmanand, ta fito daga ofis da tiren shayin da aka dafa wa baƙuwa, ta tsaya a bakin ƙofa.

Sukhdeo ya haɗiye kavarsa daga ƙarshe.

"Na yi magana? Ku shaida, na ce wani abu?"

"Farantinka ya yi! Yau ɗin nan za ka tashi. Duk garin nan babu wanda bakinka bai tona ba. Ka raba maza da matansu, ka kunyata malamai, yanzu ka shiga kasuwata. Wace rana ka taɓa yi wa wani shiru?"

Sukhdeo ya goge bakinsa da tsumman inji. Ya kalli Kusum da tirenta, ya gaishe ta da kai cikin ladabi, sannan ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Sala, tun da na kafa rumfar nan ni nake wanke motarka. Kai kaɗai ne a Labasa ban taɓa nuna wa kowa farantinka ba. Ka zaci don ba ka zuwa ko'ina ne?"