Karen da Ya Daina Jin Babur

Ba mu taɓa sa masa suna ba. Maigidana ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo daga wajen wani maharbi a Danja, don gadin rumbun masara, kuma har ya tsufa "kai" muke ce masa. Ni ban so shi ba, ba zan ɓoye ba. Na kafa doka cewa iyakarsa zaure da bayan rumbu, kada ya kusanci randa ko tabarmar salla. Maigidan ya yi dariya ya ce ko alƙali bai kai ni tsanani ba.

Abu ɗaya na yaba masa, kunne. Babura ba iyaka ke bin hanyar Bakori a yini, amma na maigidan kaɗai ya sani. Tun babur ɗin yana kwanar firamare karen zai miƙe ya tsaya bakin ƙofa, ni kuma in tashi in kwashe tuwo.

Da Allah ya yi wa maigidan rasuwa, ƙanensa ya ɗauki babur ɗin. Duk ranar kasuwa yakan biyo ya gaishe ni, karen kuwa ya ji shi tun daga nesa, ya ruga ƙofa yana kaɗa wutsiya. Na san ba maigidan ba ne. Amma kafin babur ya tsaya, ni da karen nan muna jiran mutum ɗaya, kuma da wannan ɗan lokacin nake kai mako.

Daminar da ta biyo baya ya fara girgiza kai, yana sosa kunnen hagu da ƙafa. Sai wari. Na yi abin da kowa ke yi a unguwarmu, na ɗauko ja da yalo, kafson nan na tiren masu talla. Shi muke zubawa a ruwan kaji, shi muke barbaɗawa a gyambo, shi muke sha in ciki ya ɓaci. Na sa hannuna a leda don kada in taɓa shi, na zazzage garin a bakin kunnen daga tsaye, na cusa wani a loma. Kwana biyu wari ya ragu, na ajiye sauran. Wa zai ƙarar da magani a kan karen da ya warke?

Bayan wata guda ciwon ya dawo, na sake. Ya kuma dawowa, na sa mai yi wa shanu allura a kasuwa ya yi masa guda ɗaya. Haka muka yi ta yi har kunne na biyu ya kama, ruwa mai kauri na zuba, kansa ya karkace gefe.

Sai a lokacin na roƙi ƙanen maigidan ya kai mu Funtuwa wurin likitar dabbobi, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ɗebi ruwan kunnen ta aika Zariya a gwada. Da muka koma ta zaunar da ni.

"Mama, kwana nawa kike ba shi maganin?"

"Har ya ji sauƙi," na ce.

"To, ai nan ne matsalar. Duk sanda kika tsaya a rabi, raunanan ƙwayoyin cutar ne suka mutu, masu taurin suka rage suka hayayyafa. Yanzu sun saba. An gwada magungunan da muke da su, guda ɗaya kawai suke ɗan ji, kuma ciwon ya riga ya shige ciki."

Raina ya ɓaci, na ce mata duk garinmu haka ake yi, ba ni na fara ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce shi ya sa abin yake ba likitoci tsoro, domin ba a kan kare kaɗai zai tsaya ba. Na tuna robar kafson da ke kan kwabata.

Wannan karon na cika kwanakin maganin ba fashi, amma na makara. Wata ranar kasuwa ina tankaɗe, na ji babur ɗin a kwanar firamare. Ni na fara ji. Na juya ina jiran karen ya miƙe. Yana kwance bayan rumbu, idonsa biyu, ko motsi bai yi ba, har babur ya tsaya a ƙofa aka kashe injin.

Na ajiye rariya, na je na zauna a ƙasa kusa da shi. Ledar tana rataye a jikin rumbu, ban ɗauko ba. Na ɗora hannuna a kansa, na ji ɗumi, ya lumshe ido. Shekara tara yana gidana, ranar na fara taɓa shi, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da maigidan.

Bai kai kaka ba. Babur ɗin yana zuwa har yanzu duk ranar kasuwa, ina jin sa tun daga kwana, amma ba na tashi sai an yi sallama.