Kalmar da Injiniya Ke Kiran Hashim da Ita

Umra ce ta kawo Hashim Jidda daga Kano, aikin walda kuma ya riƙe shi shekara goma sha takwas a unguwar masana'antu ta birnin. A wurin aikinsu akwai wani injiniya ɗan ƙasar Sifen, Ramiro, wanda kullum "hermano" yake kiransa. Hashim ya daɗe yana amsawa bai san ma'anarta ba, sai wata rana suna shan shayi ya tambaye shi.

Ramiro ya ce, "Daga Latin ta samo asali, harshen kakanninmu. Su germanus suke cewa, wato wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya."

Hashim ya ce, "Mu ɗan'uwa muke cewa. Uwar tana cikin kalmar."

Da ya koma ɗakinsa a unguwar Nuzla, ya kira ƙanensa Zaharadden, wanda rabonsu da magana tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Yaya, ashe kana tuna mu," in ji Zaharadden.

Sannan ya miƙa wa 'yarsa wayar, ya ce ta gaida Baffa. Sunan marigayiyar aka sa mata, Ummi ake kiranta.