Cibiyar Motar Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Haruna makwancinsa, amma motarsa ta tsere tana nan bayan gidanmu a Shango, kaji na yin ƙwai a kujerarta. Ni ƙanwarsa ce, kuma makon nan na kasa zaune na kasa tsaye. 'Yarsa Bilkisu, mai karatun injiniya a jami'ar da ke Gidan Kwano, ta zo da sifana za ta kwance ƙarfen ƙarshe da ya yi wa walda da hannunsa.

Yaya makanike ne, amma jarabarsa tsere. Wata tsohuwar a-kori-kura ya sassaƙe, ran Lahadi da yamma shi da abokinsa Bitrus su nufi hanyar burji ta wajen Kuta, su dawo jajur da ƙasa. Damuwarsa kullum tayoyin baya. In an sha kwana, aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin, sai ya zame gefe. Sai Yaya ya gitta masa sandar ƙarfe, kai ɗaya a bodi, ɗayan a aksul. Ya ce kowace mota tana da wurin da take jirkicewa a kansa, kuma tsayin sandar nan daga ƙasa shi ke nuna wurin. Ka ɗaga, bayan mota ya riƙa fizgewa. Ka sauke, ta riƙa kwanciya. Wurin ya sa wa suna cibiya.

Kai, mun sha cibiyar nan! Ana gobe sunan Bilkisu, Inna ta shigo tsakar gida tana tambaya ko cibiya ta faɗi. Yaya ya leƙo daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, ya ce, "A'a Inna, jiya ma na ƙara ɗaga ta." Har ya koma ga Allah mata ba su daina tsokanarsa ba.

Yanzu ga jaririyar nan tana ce mini, "Gwaggo, sanda ɗaya ba ta isa. Lilo take yi, shi ya sa kwanar dama daban, ta hagu daban. Biyu zan sa, da mahaɗi mai juyawa a tsakiya." Na ce ta taɓa ta gani. Ta ɗauko mini Bitrus, kansa ya yi fari fat, ya shafa bodin ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Motan nan hannun dama yana lafiya, hagu ne wahala." Haushi ya kama ni, na bar musu wurin.

Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. An raba kayansa, garejinsa ya zama shagon sayar da waya, muryarsa ma ta fara ɓace mini. Waldar nan mai kumburi kamar ƙosai kaɗai ta rage yadda ya bar ta.

Amma da yana nan, me zai ce? Ina ta juya tambayar. Mutumin da bai taɓa barin ƙarfe ya huta ba, wanda sandar nan kanta ya sha yanke ta ya sake liƙawa? Da ya ga yaran yanzu suna zana mota a kwamfuta kafin su taɓa sifana, zai yi tsaki, na sani, sannan ya jawo kujera ya hana su tashi. Ni ce nake son abu ya tsaya cik. Shi bai san tsayawa ba, kuma abin da ya bar mana ke nan.

Jiya na ce mata ta kwance. Ta cire sandar, yanzu tana jingine a bakin ƙofata. Da azahar na kai mata abinci, tana ƙarƙashin motar, ƙafafunta kawai nake gani, ta hagu tana kaɗawa, sak ubanta. Na ce ta fito kada ya huce.

"Gwaggo, bari in gama da cibiya."

Na rufe kwanon na ajiye, na shiga ɗaki na yi kukana. Allah Ya jiƙan Yaya.